Yatsan da Na Ajiye

Assalamu alaikum, matan unguwarmu. Tun da na dawo daga Maigatari ban huta da tambaya ba. A bakin rijiya tambaya, a gidan suna tambaya, har a Islamiyya Malama na tsaka da karatu Lantana na zungura ta da gwiwar hannu, "Wai ya garin yake? An ɗauke ki?" Na gaji da farowa daga farko, kuma duk sanda na kai tsakiya sai murya ta ƙi fita. Shi ya sa na yagi takarda na zauna rubutawa. Kun san a aji huɗu na tsaya, don haka inda rubutu ya karkace ku miƙe shi da kanku. Masu tambayar tsumman da ke ɗaure a yatsana kuma ku yi haƙuri, zan zo kansa.

Amaren da aka kawo bayan korona ba su san yadda muke a da ba. Duk bayan kaka mota takan sauke buhunan busasshen zoɓo a Gagarawa Tasha, daga siton wani Alhaji na Maigatari. Maigidana, Baban Ummi, shi ne yake ɗauko su a amalanke ya raba gida-gida. Mu baje a tabarma, mu tsince tsinke da tsakuwa da wanda ya ruɓe, mu mayar a buhu. Kina cikin gidanki, goyo a baya, tukunya a wuta, hira ta kan katanga. Da shi muke sayen sabulu da magi da takalman yara, ba mai roƙon kowa.

Da cutar ta zo aka hana taro, aka rufe hanya, buhu ya daina zuwa. Muka ce ai wata biyu ne. Da aka buɗe ya dawo tsilli-tsilli kamar ruwan ƙarshen damina, daga nan ya ɗauke ɗif. Ashe a zaman kullen nan Alhaji ya sayo inji. Baban Ummi ya sayar da sa ɗaya, ya ɗaure ɗaya, ya tafi Fatakwal tura kurar ruwa. Ni kuma na koma ɓarar ɗanyen zoɓo a gonakin mutane, mai ƙaiƙayin nan da tsami, in kaka ta wuce in shiga wankau da sabulun soda.

Ranar wata Litinin Lantana ta shigo da babbar wayar mijinta ta kunna mana saƙon murya. Wai siton yana neman mata talatin da za su tsaya a bakin inji, a zo Laraba ko Alhamis a yi rajista. Na ce to ai ni ake kira. Shekara tara ina wannan aiki, tun ina gidanmu. Na kira Baban Ummi, ya ce, "Ki je. In kin samu, san nan ya tsira. In ba ki samu ba, hatsin rumbu ba zai kai mu azumi ba, sai a kai san kasuwa." Kun san ma'anar san nan. Shi ne igiyar da za ta jawo mutumin nan gida da damina. In babu shi babu huɗa, babu amalanke.

Da na gaya wa Iya, mahaifiyarsa, sai ta kama hannuna ta juya shi sama da ƙasa.

"Da wannan za ki je gaban mutane? Kamar ɓawon kuka? Sai su ce daga wane daji aka kamo ki."

Ran Talata ta kwaɓa lalle da lemon tsami, ta ƙunsa min har wuyan hannu, wai ya rufe kaushin ya kuma warkar da tsagar. Ya kama kuwa, ja har yana baƙi-baƙi. Ku da kanku kuka riƙa cewa kamar amarya. Da zuciya ɗaya ta yi, don Allah kar wadda ta je ta kai mata wata magana.

Laraba da sassafe na goya Sadiku, wata bakwai ke nan gare shi, na bar Ummi tana tari. Sau uku ina komawa daga zaure. A ba ta zuma. Kar ta je bakin rijiya. Kar ta sha ruwan randa da safe.

"Ke, ni na raini ubanta," in ji Iya. "Tafi ki ba mu wuri."

Babur ya sauke ni a Gagarawa Tasha. Ina jiran mota ta cika na zauna kusa da wani tsoho mai tallan goro a gefen layin dogo. Muka gaisa, ya tambayi inda na nufa, na gaya masa. Ya nuna min ƙarfen dogon da sandarsa.

"'Yar nan, kin ga nan? Buhun gyaɗa yakan kai tsayin rufin can. Ni ne mai ɗaga wa jirgi tuta. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mana mun sallame ku, Allah ya ba da lada. Jirgi ne dai ya rage zuwa, ya rage zuwa. Har yau tutar tana ɗakina."

Na ce Allah ya kyauta, amma raina bai so ba. Mutum zai fita neman abu da safe a tare shi da irin wannan zance. Na yi ta karanta addu'a har Gumel.

A tashar Gumel na ga abin mamaki. Mai awara, mai awara fa, ta rubuta lamba a jikin kwali ta jingina da tire. Mutum ya ci, ya danna waya, ya nuna mata, ya wuce. Mu nan in ba ki kwance bakin zani ba ba ki biya ba. Ina tsaye ina kallo sai wata mata jibgegiya mai haƙorin Makka ta dafa ni.

"Amarya, ina ango?"

Na ce ni ba amarya ba ce, ga goyo.

"To wannan ƙunshin fa? Maigatari za ki? Rajista? Kai, Allah ya haɗa mu! Matso, ƙawata."

Sunanta Yahanasu, daga Sule Tankarkar, bazawara ce. Atamfa take sayarwa ta waya tana kwance a gado, sai kasuwar ta cushe, kowace yarinya mai waya ta zama 'yar kasuwa. Da ta kama hannuna na ji nata kamar tuwon shinkafa.

"Ni fa ban san zoɓo ba sai a kofi da ƙanƙara," in ji ta. "Gwada sa'a zan yi."

Tausayinta ya kama ni. Na ce a raina wannan tambaya ɗaya za a yi mata ta faɗi. Muna shiga mota na fara koya mata: mai kyau ja ne mai duhu, in kin matse shi yana ƙaras; wanda ruwa ya taɓa yakan yi laushi da fari-fari a ciki; tsakuwa kuwa ba da ido ake gane ta ba, da nauyi ne a tafin hannu. Tana ta "to, to," tana taunar cingam.

A gaban motar akwai wani dattijo dillalin shanu, tun daga Gumel yake mita.

"Da, ɗan kudu da ƙafarsa yake zuwa. Ya sauka a gidana, in ba shi tabarma da tuwo, in kai shi kara, kasuwar shanu, a yi ciniki a ba ni la'adata. Korona ta tsare shi a gida, aka fara ɗaukar sa a waya ana tura masa. Da aka buɗe hanya ya ga ashe zaman gida ya fi. Yanzu ɗakin baƙina kaji ke kwana."

"Baba, sai ka sayi wayar kai ma," in ji Yahanasu.

"Na saya, 'yata! Na tsaya gaban bijimi na danna, na zagaya shi sau biyu ina yabonsa, na tura Legas. Ashe fuskata take ɗauka. Mutumin ya aiko yana tambaya, wannan mai gemun nawa za a bar masa?"

Motar ta kwashe da dariya har direba yana dukan sitiyari. Shi ma ya yi, amma da aka yi shiru na ga yana kallon waje yana murza carbi. Shinge uku muka wuce, a kowanne sai gabana ya faɗi in damƙe katina na ɗan ƙasa a ƙullin zani, alhali ba wanda ya ko dube ni. But ɗin mota kawai suke leƙawa.

Maigatari ta fi ƙarfin idona. Manyan motoci jere kamar gidaje, raƙuma a durƙushe a bakin titi suna tuƙa kamar tsofaffi, maza masu rawani ido kawai a waje. Na ajiye ƙullina a gidan Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, ko ruwa ban sha da kyau ba muka wuce siton, can bayan gari.

Mata kuwa kamar filin Idi. Daga inda nake a layi ina hango cikin siton ta ƙofa, nan na ga injin. Tsawonsa ya kai ɗaki uku. Ana juye buhu ta sama, zoɓo ya biyo wani baƙin bel yana gudu, sai ka ji fus, fus, fus, yana tofar da tsinke da tsakuwa gefe guda da iska. Wai ido gare shi a ciki. Kafin layi ya matsa taku biyar ya gama abin da ni da Lantana muke kwana uku a kai. Matan da za a ɗauka, nasu su tsaya a ƙarshen bel ɗin su cafke abin da ya kuɓuce masa. Wato mu da muke iyayen aikin mun koma 'yan kalen inji.

A gabana akwai wata dattijuwa, Hajo, daga ƙetaren iyaka ta tako da ƙafa. Ta ce tun zamanin mahaifin Alhaji take tsintar zoɓon gidan. Da ta isa tebur aka tambaye ta lambar ɗan ƙasa. Ta fito da wani kati nasu na Nijar a leda. Aka ce ba ya shiga.

"To ku kira Alhaji, ya san ni. Ni na yi goyon shi a sito."

Aka ce Alhaji yana Kano, ta waya yake duba komai. Ta koma gefe ta zauna a kan dutse.

Mai rajistar yarinya ce, ba za ta girme ni ba, da farin hijabi da kwamfuta. A gefenta wani ɗan akwati mai gilashi, bai fi ashana ba. Ta tambayi sunana, da lambar waya, da kati. Ina ta jira ta tambaye ni zoɓo. Ba ta tambaya ba. Ba wadda aka tambaya.

"Anti, ɗora babban yatsa a nan."

Na ɗora. Wuta ta kawo ja, ya yi ɗit. Ta ce in sake. Ja. Na hagu, ja. Duk goman sai da muka bi. Na tuna lokacin korona da aka ce kar a yi musabaha, ga mu yau ɗaruruwa muna dangwala yatsa a gilashi ɗaya.

"Lallen nan ne," in ji ta. "Ba a gaya muku kar a yi ƙunshi ba?"

Na waiga. Wallahi kusan rabin layin hannu ja ne. Duk mu na ƙauye, kowacce uwarta ko surukarta ta yi mata kwalliyar zuwa neman aiki.

"Ki goge ki dawo gobe. Gobe ake rufewa."

Yahanasu na bayana. Ta ɗora yatsa sau ɗaya, wuta ta kawo kore. Ta rangaɗa guɗa har mai gadi ya tsawatar.

Na ja Hajo muka tafi gidan Gwaggo tare, don ba ta da masauki. Bayan la'asar aka baje ni a tsakar gida kamar akuyar da za a feɗe. Gwaggo ta kawo lemon tsami da toka. Hajo ta ce a can wajensu kanwa ake sawa. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce omo da ruwan zafi. Aka gwada duka. Lallen Iya ko gezau.

"Tsohuwar nan ta iya ƙunshi, Allah ya isa," in ji Gwaggo. "Ranar bikinki ma bai kama haka ba. Miƙo dutsen kaushi."

Aka goga da dutse har jini ya tsattsafo, aka ƙarasa da kananzir. Jan ya koma ruwan goro. Sai ga wata sabuwa: Sadiku ya ji warin kananzir ya ƙi kama nono, yana ta banƙarewa. Hankalina ya tashi, na ce shi ke nan na sa wa yaro ciwo. Sai da Hajo ta riƙe min shi a ƙirji, ni hannuwana a baya kamar ɓarauniya, sannan ya sha.

Abincinsu ma daban. Taliya da mai da yaji suka ba mu, da wani burodi dogo kamar taɓarya, mai tauri, wai na Nijar. Hajo ta kwance ƙullinta ta fito da cuku, nono ne busasshe kamar faifai, ana gasa shi a ci da shayi. Ta ce, "Ci, ɗiyata, tahiya ba ta son yunwa." Na gutsura don kunya kawai. Na kira Iya, ta ce Ummi na nan lafiya, amma ina jiyo tarin ta bayan muryarta. Kuma ga wani abu da ban gaya wa kowa ba sai yanzu: rabin zuciyata tsoron rashin aikin take, rabi tsoron samu. In na samu, Ummi sai Juma'a-Juma'a zan riƙa ganinta.

Alhamis ranar kasuwa ce, sai da muka ratsa garken shanu kafin mu kai. Yarinyar ta gane ni. Allah ya saka mata, ta yi ƙoƙari. Ta goge gilashin da bakin hijabinta. Ta ce in shafa yatsan a goshi ya ɗauki maiƙo. Ta ce in hura masa iska. Ta kama shi da hannunta ta danna a hankali. Ja. Ja. Ja.

Sai ta juyo min da kwamfutar.

"Anti, duba. Wannan na wadda ta wuce yanzu ne."

Na ga zane kunya-kunya, kamar gonar da aka yi wa huɗa.

"Wannan naki ne."

Faƙo. Fili fetal, sai tsaga biyu uku.

"Ashe ba lallen ne kaɗai ba. Zanen ne ya cinye. Wane aiki kike yi haka?"

Na ce, "Zoɓo."

Na ga ta sunkuyar da kai tana gyara abin da bai lalace ba.

Na ce, "'Yar'uwa, ki sa a kawo buhu ɗaya a juye a nan. Ki rufe min ido da ɗankwali. In kin sami tsakuwa ɗaya bayan na gama, ki kore ni."

"Na yarda, Anti."

"To ki rubuta ni a takarda."

"Babu takarda. Akwatin nan ke buɗe ƙofa da safe, shi ke tura albashi a waya. Wanda bai gani ba bai zo aiki ba. Ni ma haka nake dangwalawa. Mu huɗu ne a ofis ɗin nan da, yanzu ni kaɗai ce." Ta rage murya. "In kika bar aikin wahala wata biyu ko uku, zanen yakan dawo. Yatsa ɗaya ma ya isa. Wataƙila su ƙara ɗauka bayan Sallah. Ban yi miki alkawari ba fa."

Wato sai na daina aiki sannan zan cancanci aiki. Na so in tambaye ta me za mu ci a wata ukun, sai na ga ba ita ta kawo injin ba. Na ce na gode, na tashi.

A bakin ƙofa Yahanasu ta fito da gudu, an sa mata shuɗiyar riga da hula kamar mai aikin asibiti. Yau babu guɗa. Ta cusa min ledar dabino.

"Ki kai wa Ummi. Wallahi ƙawata kunyarki nake ji." Ta waiga ta ga ba mai ji. "Don Allah, wanne kika ce shi ne ruɓaɓɓen? Abin gudu yake, duk ja nake gani."

Na sake gaya mata. Mai laushi, mai fari-fari a ciki. Me zan yi? Ita ma marayu biyu take riƙo.

Kafin in nemi mota na raka Hajo bakin iyaka, don ku da kuke tambaya ku ji. Ni da na ɗauka katanga ce doguwa mai ƙofar ƙarfe. Ashe igiya ce da durom biyu, da ma'aikata a ƙarƙashin rumfa. Ƙasar can da ta nan duk yashi ɗaya, geron da aka girbe iri ɗaya. A gabana aka sauke wa mai jaki igiyar ya wuce. Hajo ta ce ita ba ma ta nan take bi ba, ta bayan gonaki ta fi kusa. Ta kama hannuna ta haɗa da nata ta duba. Nata ya fi nawa shafewa, sumul kamar bayan cokali.

"Ko da katin ya shiga, ashe nan ma zan tsaya," in ji ta. Ta yi 'yar dariya. "Sauka lahiya, ɗiyata. Ki gai da mai tari."

Na tsaya ina kallonta har ta shige cikin kara.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. A Gagarawa Tasha na zagaye ta bayan masu rake don kar tsohon nan ya tambaye ni. Da na shiga gida Ummi ta rugo ta rungume ƙafata, tarin ya yi sauƙi, alhamdu lillahi. Iya ta dubi hannuwana, duk sun kumbura sun yi sawun dutse. Na ce mata guraben ne suka cika kafin a zo kaina. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ba ta sake kallon hannun ba, kuma tun ranar ban ga ta taɓa kwanon lallenta ba.

Sati biyu bayan nan wani mutum ya zo da waya ya zagaya san sau biyu yana ɗauka. Ko dillali ba a kira ba. Washegari mota ta zo. Ummi har yanzu takan kai ɓawon wake turken ta tsaya. Baban Ummi ya ce bana ba lallai ya zo da damina ba.

To, ga zancen tsumma. Ba yanka ba ne, ba kuma ɗan karkare ba, masu cewa in je a duba min ku huta. Wankau ban daina ba, surfe ban daina ba, in na daina me za a ɗora? Da yatsu tara nake yi. Wannan ɗayan na dama na ajiye shi. In zan taɓa ruwan soda in ɗaura masa leda a kan tsumman. Aikin yakan ɗauke ni ninki biyu, Hajiyar da nake wa wanki har ta fara ƙorafi.

Kullum da hantsi nakan kwance shi in shafa man kaɗe, in fita rana in duba. Idona ba ya gane komai, sai in kira Ummi, nata ya fi kaifi. Jiya ta riƙe shi ta daɗe tana leƙe, har da karkata kai.

"Mama, na ga layi biyu. Ƙanana."

Na ce ta sake dubawa da kyau, kar ta faɗa don in ji daɗi.

Ta ce, "Biyu ne. Da rabi."

Na mayar da tsumman na ɗaure. Saura wata biyu Sallah.